Jar fatar Baba da aikin ƙanwata

Shekarun da soja suka koma bariki, fastocin 'yan takara suka cika bangon unguwarmu ta Dukawuya, a lokacin ƙanwata ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje. Ni ina koyarwa a wata firamare ta wajen Goron Dutse. Baba kuwa baduku ne, a soron gidanmu yake ɗinkin fata tun kafin a haife mu.

Da ta dawo hutu bayan ta gama digiri na uku, 'yan uwa suka yi ta zuwa barka. Kawunmu ya tambaye ta ko yanzu za ta iya yi masa allura. Ta ce ita ba likitar asibiti ba ce. Ya ce to Allah Ya sa albarka, amma na ga bai gamsu ba.

Washegari da hantsi Baba ya sa na kira ta soro, ya ce ta faɗa masa aikinta da Hausa. Ta durƙusa gefen tabarmarsa ta buɗe kwamfuta. Ta ce akwai wani sinadari, furotin, da suke sa ƙwayar halitta ta ƙera a cikinta. Yana nan zaune lafiya, ba ya cutar da komai, sai an haska masa haske. Da haske ya taɓa shi, sai ya mayar da iskar oksijin da ke kusa da shi ta zama dafi, ta ƙone ƙwayar daga ciki, maƙwabtanta kuwa su tsira. Ta nuna mana hoton bidiyo: ɗigo-ɗigo jajaye, aka haska guda ɗaya, ta yamutse ta mutu. Ta ce fatansu wata rana a yi wa ƙwayoyin ciwon daji haka.

Baba ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon matashin fata da ya daɗe a bakin taga. Ya danna inda aka rina ja da garura, wurin ya tsage kamar busasshen ganye. Ya danna inda ba rini, fatar ta ƙi tsagewa.

"Rana ɗaya ce ta dake su," in ji shi. "Amma mai launin ita ke fara mutuwa. In a duhu take, sai ta shekara goma ba abin da ya same ta."

Ƙanwata ta karɓi matashin tana jujjuya shi. "Baba, kusan shi ke nan. Launin ke kama hasken."

Ya ce shi bai san da wata iska ba, mahaifinsa dai ya hana shi shanya jar fata da tsakar rana. Suka zauna har azahar, tana tambaya yana ba ta amsa, tana rubutawa. Ni ina gefe, na rasa wanda zan fi kallo a cikinsu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na ji shi a ƙofar gida yana yi wa abokansa bayani. Ya ce 'yarsa rini take yi, amma a cikin jikin mai rai, da fitila take kashe cuta. Wani dattijo ya tambaya ko a wajensa ta koya. Baba ya gyara hularsa ya ce a'a, ta wuce shi nesa.