Kan Burtun da Na Sassaƙa

Ni na sassaƙa kan burtun nan, amma har yau in na faɗa sai in ji kamar roƙo nake a yarda da ni. Masassaƙi ne ni a Kona, da turmi da taɓarya da ƙotar fartanya nake ci da iyalina. Taubashina, ɗan kawuna, shi ya zo ya ce in yi masa kan burtu, irin wanda mafarauta ke ɗaurawa a goshi su yaudari tsuntsaye. Ba farauta zai yi ba, mutumin da ko zomo bai taɓa kamowa ba. Wasa yake son yi a kasuwa.

Na samo ice marar nauyi, na fitar da wuyan da lanƙwasarsa, na rufe shi da baƙar fata, na jera jajayen 'ya'yan tsiron idon zakara a maƙogwaro. Bakin kuwa na yi ta gyaransa har matata ta gaji da kirana cin tuwo.

Ranar kasuwar Tasawa ya ɗaura shi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa. Ya taka, ya tsaya, ya karkata kai kamar ya hango fara, ya kai sara. Masu awon gero suka bar kwanukansu, mata suka rangaɗa guɗa. Ina tsaye a baya ina jiran wani ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Babu wanda ya tambaya. Kafin la'asar an raɗa masa Mai Burtu, shi kuma yana amsawa hankali kwance. Kishi ya turnuƙe ni, ko goron da ya miƙo mini kasa ci na yi.

Da abin ya ishe ni sai na je gidansa.

"Taubashi, kawo kan burtun in gyara mishi fata."

"Kai dai hwaɗi gaskiya, so kake a gan ka," ya ce yana dariya, ya miƙo mini.

Na kai shi kasuwar Mayahi, na shafe shi da man gyaɗa, na kifa turmi na kafa shi a kai, na zauna kusa da shi ina gyaran hula. Mutane na wucewa, wanda ya tsaya ma taɓarya yake nema. Rana ta take sai wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta tsaya, ta daɗe tana dubansa.

"Malam, kai ka yi wanga?"

Zuciyata ta yi fari. "Ni na yi shi, inna."

"Ka yi ƙoƙari. Amma ka tahi Tasawa ka ga na Mai Burtu, ka koyo. Wancan har ƙihta ido yake."

Idanun nan ni na manna su da ƙaro, na san ba sa motsi. Da yamma na mayar masa da abinsa, ban gyara komai ba.