Ƙwan Kifin Sabon Gari

Ana sallame sallar asuba muka bar Haɗejia, ni da abokiyar sana'ata, muka nufi Kano. Masu bibiyata kun san sabulun ruwa muke haɗawa. Abin da ba ku sani ba shi ne, makarantar kwanan da ke ɗaukar yawancin kayanmu ta dawo mana da na ƙarshe, domin ya yi gajimare, ba ya kumfa. Shugabar ta ce dama ɗaya ta rage mana. Ruwan burtsatsenmu ne matsalar, irin mai barin farin abu kamar alli a gindin tukunya. Mai gyara ya duba silindar da muke tace ruwa da ita, ya ce rezin ɗin ciki ya mutu, sai sabo. Ya ce in mun je Sabon Gari mu tambayi ƙwan kifi, haka ake kiransa a can.

Hanya dai ba laifi, sai 'yan ramuka da shingayen jami'an tsaro. Kuɗin mota ya sake hawa, direban kuma ko kunya babu, ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. A hanya muka karya da ƙosai da kunu mai zafi.

Daga tasha muka hau adaidaita. Na ce wa direban wajen masu ƙwan kifi, bawan Allah ya sauke mu gaban masu kifin ƙanƙara yana ta murmushi. Ni 'yar Haɗejia, a ce na zo Kano sayen kifi! Da ƙyar muka samu layin masu famfuna da tankuna, inda ko'ina janareto ke ruri, ana ciniki da Hausa da Ibo da Turanci a haɗe.

Wata Madam 'yar Zariya ce ta buɗe mana buhu. Wallahi sunan ya dace: 'yan ƙananan ƙwayoyi ne ruwan zuma, masu danshi, suna sulɓewa a hannu. Ta ce ba tace ruwa yake yi kamar rariya ba, musaya yake yi. Ya kama allin da ke cikin ruwa, ya saki ɗan gishiri a madadinsa. In ya cika, a wanke shi da ruwan gishiri ya dawo aiki. Ta ce har cikin wasu magunguna ana sa irinsa, don ya ɓoye ɗaci ko ya riƙa sakin maganin a hankali. Da za mu tafi ta ce, "Hajiya, abu ɗaya: kada ki bari ya bushe."

A Fagge muka sauka, gidan Gwaggona, yayar mahaifina. Tsohon gida ne a lungu, mai soro, da kaji a tsakar gida. Gwaggo ta tsufa amma ba ta zama. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, muka ci har muka kasa motsi. Buhun muka jingine a bakin ɗakinta. Hira ta ɗauke mu, ba wanda ya yi zancen abin da ke ciki.

Da safe muka tafi Singa sayen buhun gishirin da za mu riƙa wanke shi. Singa sai mai haƙuri: 'yan dako na ihun a ba su hanya, manyan motoci sun toshe ko'ina. Muka biya Kwari da niyyar kallo kawai, abokiyata ta fito da atamfa. Sai bayan azahar muka koma.

Ina shiga gida na ga tabarma a tsakiyar rana, rezin ɗinmu a baje a kai, an yi masa shanya mai kyau, har da sanda a gefe ta korar kaji.

"'Yar nan, wane irin gero ne wannan aka cuce ku da shi?" in ji Gwaggo. "Jiƙaƙƙe sharkaf! Da ban duba ba da ya ruɓe kafin ku kai gida."

Abokiyata ta ɗauko bokitin ruwa za ta sheƙa, na riƙe hannunta na kira Madam. Ta ce, "Kai! Kada ki zuba masa ruwa zalla, fashewa zai yi. Ki dama gishiri ya yi kauri ki jiƙa shi a ciki, sannan ki riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan." Allah ya sa gishirin na bakin ƙofa. Muka tsince ƙasa da kashin kaji, muka juye a baho.

Gwaggo da ta fahimci abin da ya faru, da kuma zancen makarantar, sai ta ja kujera ta zauna gaban bahon. Na ce mata ba komai, ta ce, "Abincinku ne fa." Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Tausayinta ya fi damuna a kan rezin ɗin.

Washegari muka kama hanya da kayanmu a ɗaure cikin leda, da danshinsa. A gida muka wanke, wanda ya farfashe ya bi ruwa, sauran bai cika silindar yadda ya kamata ba, amma ya yi aiki. Sabulu ya fito garau, kumfa har gwiwar hannu. Makaranta ta karɓa.

Abin da na koyo a tafiyar nan: in ka sauka gidan mutanenmu da jiƙaƙƙen abu a buhu, ka yi bayani tun a soro, domin ba za su zuba ido kayan baƙo su lalace ba.

Daga ƙofar makarantar na kira Gwaggo. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Sun karɓa?" Na ce sun karɓa. Ta yi hamdala, sai na ji ta juya tana cewa matar ɗanta, "To, zubo mini abincin nan."