Hotunan Malam Gwadabe

Tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin a mayar da shi Suleja, Malam Gwadabe yake koyar da 'yan aji biyu a wata firamare da ke hanyar Maje. Shekara ashirin da uku bai taɓa neman a ɗaga shi ba. Mutum ne mai faɗan tsiya, amma in yaro ya rasa alli, daga aljihunsa yake fitowa.

Dukiyarsa kwalaye goma sha biyu ne da ya zana da hannunsa: Dutsen Zuma, Bagwariya da itace a kafaɗa, motar doya, da sauransu. Sai ya ɗaga ɗaya, yara su rubuta jimla biyu a allo, kowa ya miƙe ya karanta tasa. Dokarsa ɗaya ce: "Abin da idonka ya gani za ka rubuta, ba abin da na ce ba."

Sai yanar ido ta kama shi. Kafin shekarar da aka buɗe karatun kyauta yara suka cika aji maƙil, inuwa kawai yake gani. Bai gaya wa kowa ba, don ya san ranar da aka sani, ranar za a karɓe ajin, shi kuwa tun rasuwar matarsa ba shi da kowa sai yaran. Sai ya sa reza ya tsaga gefen kowane kwali: tsaga ɗaya Zuma, biyu Bagwariya, haka har ƙarshe. Da yatsa yake gane su. Shi a ganinsa ya yi dabara. Yaran kuwa tuni suka gane, suka ja bakinsu.

Ana gobe mai duba makarantu zai zo, sabon malami Cletus, yaron kirki mai rawar kai, ya ga kwalayen duk gefensu ya yage. Tausayi ya kama shi. Ya sa almakashi ya daidaita su tas, ya mayar yadda ya ga dama.

Da safe baƙo ya zauna a bayan aji. Malam Gwadabe ya ɗauki kwalin sama, ya shafa gefensa, ya ji sumul. Babu tsaga ko ɗaya. Amma ya tuna Bagwariya ya bari a sama jiya, sai ya ɗaga ya ce, "Ku dubi matar nan da kyau. Me ta ɗauko?"

Motar doya ce a hannunsa.

Sai alli ya fara ƙara. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe: "Wannan mace ce. Ta ɗauko itace." Yara arba'in suka yi masa ƙarya don suna sonsa. Har aka zo kan Yalwa, 'yar ƙaramar cikinsu. Ta miƙe da allonta ta karanta.

"Wannan mota ce. Ta ɗauko doya." Sai ta fashe da kuka. "Malam, kai ka ce abin da ido ya gani."

Sai Malam ya gane komai. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, bai san tun yaushe suke rubuta abin da bakinsa ya faɗa ba.

"Zo nan, 'yata," ya ce. Ya lalubo kanta ya dafa. "Ke kaɗai kika ci."

Malam bai jira takardar sallama daga baƙon ba. Ya miƙa wa Cletus kwalayen, ya ce ya riƙa ɗaga su sama don na baya su gani.

Ya yi shekara huɗu yana zama a ƙofar gidansa. In an tashi makaranta yakan tsayar da yara ya ce su gaya masa abin da ke wucewa a hanya, jimla biyu kacal. Yalwa ce kaɗai yake yarda da tata.