Rijiyar da aka hana mu haƙa

Kambonmu, wato rugar bukkokin 'yan ƙodago, a gefen tur'a yake, babbar hanyar ruwan da ke shayar da audugar Turawa a Jazira. Daga nan muke sha. In an gama cire auduga sai a rufe ruwa daga sama, abin da ya rage ya kwanta ya yi kore, jakuna su sha, mu ma mu ɗiba.

Ba don mazanmu ba su iya haƙa rijiya ba ne, gadonsu ne tun daga Sakkwato. Hana mu aka yi. Wai ƙasar ta kamfani ce, mu kuma matafiya ne kan hanyar Makka, matafiyi me zai yi da rijiya? Surukina a kambon nan ya yi furfura, amma har lokacin wai wucewa yake.

Shi ne babban kambo, shi ke kai kukanmu wurin mufattish, Baturen da ke duba gonaki. Duk shekara sai a zaɓi rago mai ƙiba a ba shi ya ja. Mijina ya sha raka shi, shi ya ba ni labarin yadda ake yi. Tun daga nesa tsohon zai tuɓe takalma ya durƙusa. Bature ya tambaya ta bakin tafinta, yaya mutanenka? Ya ce lafiya lau. Yaya aiki? Sai godiya. A wurinmu babbar magana a ƙarshe take zuwa, bayan an gama gaisuwa, mutum ya ce akwai wata 'yar magana. To kafin a kai ga 'yar maganar Bature ya miƙe, tafinta ya gaji, an ja rago bayan gida.

A shekarun nan ɗana na fari ya soma fitsarin jini. Tsargiya ce ta ruwan tur'a, rabin yaran kambo suna da ita, har wasu tsofaffi na cewa alamar girma ce. Nasa ya ƙi tsayawa nan. Cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka zama kamar karan dawa. Ɗan fari ne, ban isa in kira sunansa ba, balle in rungume shi a gaban mutane. Sai in bi bayansa in ya zaga, in dubi ƙasar da ya jiƙa, in tura yashi da ƙafa in rufe.

Ranar da aka sake ɗaure rago na ajiye kunya, na tare surukina a bakin zana.

Na ce, "Baba, wagga shekara ka hwara da zancen rijiya. Gaisuwa ta biyo baya."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ɗiyata, ba haka a ka yi ma hukuma magana ba."

Ya tafi, ya dawo da igiyar rago a hannu. Yaron bai kai damina ba. Ko kuka ban yi a fili ba, aka yi ta yaba haƙurina, ni kuwa na tsani kowa har da mai yabon.

Da kaka ta zagayo Larabawa masu hawasha, waɗanda kamfani ya ba gonaki, suka shiga yajin aiki don nasu kukan da aka daɗe ana sharewa. A da in sun yi yaji mu ake kira mu cire audugar. Wannan karon Larabawan suka aiko mana kada mu je, ba wanda ya fita daga kambonmu. Auduga ta fashe, ta zube, iska ta birkiɗa ta cikin turɓaya. Nakan tsaya da tulu a ka ina kallonta, kuma wallahi daɗi nake ji.

Bature ya zo da kansa a kan doki, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce me muke so? Da aka ce rijiya, sai ya ce ai ba wanda ya taɓa gaya masa. Zai duba.

Bai samu dubawa ba. Ƙasa duk ta tashi, birane na zanga-zanga, ba a daɗe ba aka ce Turawa sun tafi, an ɗaga tuta. Mun yi guɗa, ni ma na yi, da tsohon ciki.

Sabon mufattish ɗan ƙasa ne, Musulmi, sahu ɗaya yake tsayawa da mazanmu ranar Juma'a. Surukina ya je, ba rago, bai durƙusa ba, kuma ya fara da rijiya kamar yadda na ce. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ya Hajj, ina jinsiyyarku?" Takardar zama ɗan ƙasa yake nufi. Ya ce mu Fallata ne, baƙi, ba a ba baƙo izinin rijiya.

'Yar da na haifa a shekarar tuta ta tashi kyakkyawa, mai surutu. Da ta isa ɗaukar ƙaramin tulu na riƙa hana ta shiga tur'a, amma ruwan da za ta sha fa? Wata safiya ta zaga bayan bukka, na bi ta. Na dubi ƙasa, na sa ƙafa na tura yashi.