Shirun da Kawu Ya Hana a Taɓa

Jiya a wani shagon abinci da ake ce wa mamak, a unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar wajen da nake karatu, ina jiran a ɗaure min shinkafa, rediyo yana kiɗan gogen Turawa. Can kiɗan ya ɗauke. Mai shagon ya kai hannu zai canza tasha, sai na ji bakina ya ce, "Dakata, bai ƙare ba."

Maganar Kawu ce, yayan mahaifiyata, wanda ya tsufa yana ajiyar faya-fayai a gidan rediyo. Wata Asabar da hantsi na same shi ya ɗora faifai, ɗakin yana ƙanshin shayin citta da tsohuwar takarda. Da kiɗan ya tsaya na miƙe zan yi sallama. Ya ɗaga yatsa.

"Zauna, ɗana. Wanda ya tsara wannan ya riga ya kurumce lokacin da ya rubuta shi. Shirun nan ma shi ya ajiye shi a wurin. Ba a tafa hannu, ba a tari, sai kashi na gaba ya shigo."

Ina ɗakin karatu aka bugo min cewa ya rasu, har an kai shi. Ban yi kuka ba, har yau. Ina ci, ina sha, ina zuwa aji, ba na jin komai.

Mai shagon ya ce, "Boleh," wato ba komai a yarensu, ya janye hannunsa. Muka tsaya, ledar shinkafar tana ƙona min yatsu, har gogen ya dawo.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Allah ya sa shirun da kake ciki irin wannan ne, kashi na gaba kuma ya fi daɗi.