Gudun da Aka Hana Yaya Sale

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sale, kuma har yau in sanyi ya shigo shi nake fara tunawa.

Manomi ne a ƙauyenmu, can wajen Kunci, kuma Allah ya ɗora masa son gudu. Da an sallame asuba sai ya naɗe wando ya bi ta bayan gari, ya ratsa gonaki har fadama ya dawo. Ko a tsakiyar sanyi, kowa na duƙunƙune a bakin wuta, shi yana can jikinsa na tururi. Na taɓa tambayarsa me yake samu a ciki. Ya ce, "Daɗi nake ji, ƙanena. Sai an ba da dalili?"

A wurinmu kuwa sai an bayar. Magidanci ba ya gudu sai da gobara, ko ɓarawo, ko saƙon mutuwa. Wata safiya shanu suka tare masa hanya, ya ratso ta ƙofar masallaci a guje. Dattawa suka ɗauka rumbun wani ne ya kama da wuta, aka kurma ihu, aka bi shi da bokitai har fadama. Ya juyo yana haki ya ce, "Ina wutar take?"

Kunyar nan ba su taɓa yafe masa ba. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa iska ce ta shige shi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Da surutu ya ishi Inna, ta kira shi ta ce, "Sale, in ka ƙara gudun nan ban yafe ba." Ya ce to. Bai ƙara ba har ya koma ga Allah. Ban ce su suka kashe shi ba, ajali ne. Amma na ga yadda fara'arsa ta tafi, kuma abin yana cina.

Yau in na shiga birni na biyo ta unguwar Bacirawa da safe, samari nake gani jere da takalman gudu, ana cewa motsa jiki ne. Ɗaya daga cikin masu bokitin nan ma, likita ya ce masa hawan jini, kullum yana sassarfa a hanyar fadama, ana yi masa sannu da ƙoƙari. Da Sale na nan dariya zai yi, don bai iya riƙo ba. Ni na iya.

Me ya bari? Ɗansa Nura, magidanci yanzu, doguwar ƙafa kamar ta uban. Da daminar bana ruwa ya tsinke muna gona, kowa ya ruga, har tsofaffi. Nura kaɗai ya tako a hankali, ya iso gida sharkaf. Na ce masa don me. Ya ce, "Baffa, kada a ce na gado."