Baba da 'ya'yan kurege

Jama'a, yau na kama wanda ke ba 'ya'yan kuregena ƙosai, kuma ba za ku yarda ko wane ne ba.

Kun tuna guda biyun nan da na tsinta ranar da katangar gidanmu na Kwarbai ta zube? Likitar dabbobi ta ce in riƙa ba su madarar akuya a sirinji, sai gwanda, karas da ɗanyar gyaɗa kaɗan. Ban da gishiri, ban da mai.

Da safe na leƙa kwalinsu a zaure, na tarar ƙaramin a kwance, ciki ya kumbura, yana zawo. Ina ɗaga tsummansu sai ga ɓarɓashin ƙosai, har da yaji!

Na fara faɗa. Baba yana gefe kan buzunsa, shi da ya ce ba ya son "ɓerayen nan" a gidansa. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Hadiza. Yau kwana uku."

"Haba Baba, ƙosai?"

"Marayu ne. Yaya zan karya kumallo suna kallona? Tun da Innarku ta rasu ban sami abokin ci ba sai su."



Na kira likita, ta ce ruwa da madara kawai yau. Da azahar ɗan kuregen ya miƙe, alhamdulillahi.

Yanzu ga Baba can yana yanka gwanda ƙanana-ƙanana. Wai daga gobe shi ma da ita zai karya, su ci tare.